Kwamfutar da aka lulluɓe da atamfa

Akwai wata kwamfuta a shagon kawuna, cikin birnin Maraɗi, wadda ta shekara shida bisa tebur lulluɓe da ƙyallen atamfa, kamar amaryar da aka manta da ita cikin ɗaki. Kowace safiya yaron shago yakan ɗaga ƙyallen, ya kakkaɓe ƙura, ya mayar. Baƙi in sun shigo sukan dube ta da girmamawa, su ce lalle Alhaji ya ci gaba. Ba ta taɓa ƙidaya buhu ko ɗaya ba. Kuma tun da gaskiya zan faɗa ma masu karatu, ni ne na sa aka saye ta, a shekarar 2010, ina sabon fitowa daga lise, takardar bakaloreya a hannu, zuciya cike da tabbacin cewa ba abin da ya rage ma kasuwancin gidanmu sai na'ura.

Na daɗe ina ɗora laifin bisa kawu. Na ce tsoho ne, bai yi lakkol ba, tsoron zamani yake. Sai da aikin jarida ya kai ni ga karanta tarihin waɗansu kamfanoni, manya da ƙanana, na ga yadda kayan aiki iri ɗaya ke ɗaukaka wannan ya kā da wancan, sa'an nan na soma zargin cewa cikinmu biyu, wanda bai gane al'amarin ba shi ne mai takardar.

Bari in fara da fasalin gidan, domin wanda bai san shi ba ba zai gane sauran labarin ba. Kawu hatsi da wake yake saye. Yana da mangaza biyu a Maraɗi, yana da yara da yake aikawa kasuwannin ƙauye ta wajen Dakoro da Mayahi da Tasawa, su saya tiya-tiya lokacin kaka, a ɗura a buhu, a kawo. Waken kuwa mafi yawansa kudu yake nufa, ta Ɗan Isa da Jibiya, har kasuwar Dawanau ta Kano. Duk wanda ya san Maraɗi ya san wannan tsari na ubangida da baransa. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi a 1986, inda ya nuna cewa jarinsu na farko shi ne abin da muke ce ma arzikin mutane. Ubangida shi ke da kuɗi, shi ke da magana; yaro shi ke da ƙafa. Ubangida ya yi ma yaro aure, ya raɗa ma ɗansa suna, in ya daɗe yana biyayya a ba shi jari ya tsaya da kansa. Ba a rubuta kome ba, amma kowa ya san haƙƙinsa.

Wannan tsari an gina shi ne bisa rashin labari. Yaron da ya bar Maraɗi da jakar kuɗi ba za a sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan kwana uku ko huɗu. Saboda haka kawu yakan yanke mashi farashi tun daga gida: kada ka wuce kaza a tiya, in ya wuce ka dawo mani da kuɗina. Wani lokaci yaro ya dawo hannu sake, an yi asarar kuɗin mota. Wani lokaci ya saya bisa umurni alhali a Kano kasuwa ta riga ta faɗi. Kowa ya ɗauki wannan a matsayin ƙaddara, domin a lokacin ƙasarmu, mai mutum wajen miliyan 11, ba ta da ko talho biyu na gida ga kowane mutum dubu.

Sai wayar salula ta iso a 2001, ta fara da Yamai, ta bi manyan garuruwa, sannu a hankali ta shiga kasuwannin daji. Wata malamar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi diddigin farashin hatsi a kasuwanninmu tsakanin 2001 da 2006, ta samu cewa zuwan wayar ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa inda hanya ta fi nisa ko ta fi wuya. Wannan lissafi ne na ƙasa baki ɗaya. Abin da lissafin bai faɗa ba, wanda ni na gani da idona ina yaro, shi ne cewa ribar ba ta rabu daidai tsakanin gidaje ba.

Kawu yana cikin na farkon da suka sayi waya, ya kuma saya ma manyan yaransa. To amma da ita ya ƙara ɗaure igiyar da ke hannunsa. Ya kafa doka: ba mai sayen buhu ɗaya sai ya kira ya ji daga bakinsa. Ranar da kasuwanni uku suka ci tare, sai ka ga yara uku suna ta neman layi ɗaya, kunne ɗaya. In kawu yana masallaci, ko wajen jana'iza, ko ya shiga gida ya bar wayar a aljihun wata riga, ciniki ya tsaya cik, yaro yana tsaye gaban tulin wake yana kallon wani na aunawa. Maƙwabcinsa a kasuwa, wanda jarinsa bai kai rabin na kawu ba, wata hanya ya bi. Da asuba yakan kira Kano ya ji farashi, ya kira yaransa sau ɗaya ya ce masu tsakanin kaza da kaza ku saya ba sai kun tambaye ni ba, kuma ya yanka ma kowane yaro wani abu bisa kowane buhun da ya samo da araha. Waya iri ɗaya suka saya, a shago ɗaya ma ina zato. Cikin ƴan shekaru maƙwabcin nan ya gina mangaza ta uku, kuma babban yaron kawu, wanda ya yi shekara goma sha biyu a gidan, ya zo ya durƙusa ya yi sallama ya koma can. Kawu ya kira abin butulci. Ni ma haka na kira shi a lokacin.

Da na girma na ci karo da wani labari wanda ya yi kama da wannan har ya ba ni dariya, ko da yake a Amurka ya faru, tun kafin a haifi kakanmu. Edison ya buɗe gidan wutar lantarkinsa a birnin New York a 1882. Mutum zai yi tsammani masana'antu za su ruga su kama, amfani ya bayyana nan da nan. Ba haka aka yi ba. A 1899 abin da lantarki ke juyawa cikin injunan masana'antun Amurka bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, sai wajen 1920 ya kai rabi. Dalili kuwa, tsohuwar masana'anta an gina ta ne kewaye da babban injin tururi guda ɗaya, wanda ke juya wani dogon ƙarfe a saman rufi, daga ƙarfen nan bel-bel ke saukowa zuwa kowace na'ura. Dole na'urori su taru kusa da ƙarfen, dole duka su tashi tare su tsaya tare. Masu masana'antun farko da suka sayi lantarki sai suka cire injin tururin, suka dasa babban injin lantarki a gurbinsa, suka bar ƙarfe da bel yadda suke. Riba ƴar kaɗan suka gani. Amfanin gaske bai fito ba sai da aka ba kowace na'ura ƙaramin injinta, aka rushe tsohon gini aka jera na'urori bisa yadda aiki ke tafiya daga hannu zuwa hannu, aka kuma yarda ma'aikaci ya kunna tasa ya kashe da kansa, abin da ya tilasta a horar da shi, a canza yadda ake biyansa. Masanin tarihin tattalin arziki Paul David ne ya fito da wannan bayani a 1990, lokacin da ake mamakin yadda kamfanonin Amurka suka cika ofisoshinsu da kwamfuta amma ba a ga aikin ya ƙaru ba. Da na karanta shi, kawuna na gani zaune tsakiyar shago, yara duka rataye a jikinsa kamar bel.

Amma misalin da ya fi kama mani hankali shi ne na kamfanin da yawancinmu muka fara riƙe waya ta hannunsa, watau Celtel. Wanda ya kafa shi, Mo Ibrahim, ɗan Sudan ne, injiniya, ya yi karatu a Iskandariya da Ingila, ya yi aiki da kamfanin talho na Ingila lokacin da ake kafa wayar salula ta farko a can. A 1998 ya buɗe kamfanin da daga baya, a 2004, ya ɗauki sunan Celtel. Abin lura na farko shi ne, ba shi da wata na'ura ta sirri. Fasahar GSM a kasuwa take, kamfanonin Turai irin su Ericsson da Siemens da Alcatel suna sayar ma duk wanda ya zo da kuɗi. Manyan kamfanonin sadarwa na Turai sun fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, sun fi shi injiniyoyi. Sun dubi Afirka ta kudu da Sahara suka ce ba kasuwa: mutane matalauta ne, ba wuta, ba hanya, ga cin hanci.

A bisa tsarinsu, gaskiya suka faɗa. Kamfanin talho na Turai an gina shi ne don mutum mai adireshi, mai asusu a banki, wanda za a aika ma takardar biya ƙarshen wata. Ofisoshinsa, ma'aikatansa, lissafinsa, duka a kan wannan mutum aka auna su. In ka zo Maraɗi neman irinsa, za ka ƙirga su da yatsu. Dabarar Celtel ita ce ta nufi ɗaya mutumin, wanda kuɗinsa ke shigowa yau ya fita yau, ya biya tukuna sa'an nan ya yi magana, da katin da ake kankarewa. Ko wannan ma ba Celtel ce ta ƙago shi ba, an riga an gwada shi a Turai da Afirka ta Kudu. Abin da ta yi shi ne ta gina gidanta duka a kansa. In kati ne jarinka, to ba ka bukatar babban ofishin bin bashi, amma kana bukatar katin ya isa kowace tasha da kowace rumfa, a kuma yanka shi ƙanana yadda mai turin kura zai iya saye. Saboda haka aka kafa sarƙar manyan dillalai da ƙanana, har zuwa yaron da ke tsaye bakin titi da kati a hannu, kowa da ɗan abin da yake samu. Mu ƴan kasuwar Hausa ba mu ga baƙon abu a nan ba, domin haka goro da sukari da ashana ke tafiya tun da daɗewa. Kuma tun da ba wutar da za a dogara da ita, kamfanin ya zama mai sayen injin wuta da gazuwal, mai ɗaukar masu gadi, wani wuri har mai gyaran hanya zuwa gindin eriyarsa. Kamfanin Turai zai ce wannan ba aikina ba ne. Celtel ta shigar da shi cikin lissafinta tun daga farko.

Akwai wani ɓangare na tsarin da nake so ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi su duba da kyau. Mo Ibrahim ya ba da labari cewa sun kafa doka, duk kuɗin da ya wuce dalar Amurka 30,000 ba ya fita sai da yardar majalisar gudanarwar kamfanin. A majalisar nan kuwa akwai wakilan masu jari irin su IFC, reshen Bankin Duniya, da CDC ta Ingila, akwai kuma mutane masu suna kamar Salim Ahmed Salim, tsohon babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Da farko na ɗauka wannan irin igiyar kawu ce. Da na sake tunani na ga bambancin. Dokar ba ta hana darektan wata ƙasa tafiyar da aikinsa na kullum ba. Garkuwa aka ba shi. In wani babba ya kira shi ya nemi a ga bayansa, sai ya ce ranka ya daɗe ba ni da iko, sai na rubuta ma majalisa, kuma wa zai so a rubuta sunansa a irin wannan takarda? Sun ɗaure abin da ya kamata a ɗaure, sun saki sauran, sun kuma ba ma'aikata hannun jari domin ribar kamfani ta zama tasu. Tsabtar littattafan nan ita ta sa masu ba da rance suka yarda, rancen ya gina eriya, eriya ta kawo masu sayen kati. A 2005 kamfanin MTC na Kuwait ya sayi Celtel, tana aiki a ƙasashe 13, a kan dalar Amurka biliyan 3.4.

Ko bayan sayarwar, wani abu ya fito wanda ƴan kasuwar iyaka ba su manta ba. A 2006 kamfanin ya soke kuɗin ƙetare iyaka tsakanin Kenya da Tanzaniya da Uganda, a ƙarshen 2007 aka shigo da Nijar da Najeriya da Cadi da waɗansu. Mai wake ya bar Maraɗi ya kwana Kano da layinsa ɗaya, ana kiransa ba ya biya. Abokan hamayya suna da injiniyoyin da suka san yadda ake yin haka sarai. Abin da ba su da shi shi ne gida ɗaya mai lasisi a ɓangarorin iyaka biyu, domin Celtel ta riga ta sayi Vmobile ta Najeriya a 2006. Dabarar daga fasalin gidan ta fito. Daga baya suna ya koma Zain a 2008, Bharti Airtel ta Indiya ta saye a 2010, amma wannan wani labari ne.

Kada a ce na zaɓi labarin da ya yi mani daɗi, ga wani mai fuska biyu. M-Pesa, aika kuɗi ta waya, Safaricom ta buɗe shi a Kenya a watan Maris na 2007. An fara gwada shi ne don biyan ƙananan basussuka, sai aka lura mutane na amfani da shi suna aika ma iyayensu kuɗi ƙauye, aka juya akalar gaba ɗaya zuwa can, aka mai da masu sayar da katin waya wakilai masu karɓa da biya. Ya kama kamar wutar daji. Fasahar nan dai aka kai Afirka ta Kudu a 2010 ta hannun Vodacom, kamfanin da ke dangi ɗaya da Safaricom, a 2016 aka rufe, domin a can yawancin mutane suna da banki, wakilai kuma ba su yawaita ba. Mu nan kuwa, shekaru da dama, wanda zai aika kuɗi Damagaram ko Tawa ya fi yarda ya je kanta ya miƙa ma mutum, ya karɓi lamba, shi ya sa gidajen aika kuɗi irin su Al Izza da Nita suka cika garuruwanmu da rassa. Sun gane wanda suke yi ma aiki, sun zuba ƙarfinsu wajen yawan ƙofofi.

To, in dawo ga kwamfutata. Abin da na kawo ma kawu a 2010 na'ura ce da aka ƙera don gidan da ke da mai rubuta shiga, da mai rubuta fita, da mai duba su biyun, gidan da aka raba aljihun maigida da aljihun kasuwanci, kuma maigidan ya yarda wani ya ga cikinsa. Gidan kawu ba shi da ko ɗaya. Na zauna mako biyu ina shirya jadawali, na zo na ce, "Kawu, a ba ni sunayen waɗanda ake bi bashi in shigar." Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ɗana, in na ba ka, wa zai karanta?" Na ce duk wanda aka ba izini. Ya ce, "To akwai limamin da ya ɗauki buhu huɗu bara da yunwa, akwai mijin innarka, akwai wanda in na faɗi sunansa gobe ba za ka iya gaishe shi yadda ka saba ba. Ka rubuta su a allon da yaron shago zai kunna?" Na ce ai ana sa mabuɗi. Ya yi murmushi ya ce mabuɗinsa yana nan, ya nuna ƙirjinsa.

A ranar na ji haushi, na ɗauka gardamar tsofaffi ce. Yau na san cewa dabarar kasuwancinsa ce ya karanta mani cikin jimla uku. Kawu ba da araha yake cin kasuwa ba, ba kuma da sauri ba. Da sutura yake ci. Manomi yana kawo mashi wake, ko da wani ya ɗara shi dala ɗaya, domin ya san ranar da damina ta ƙi, akwai inda zai je da dare a auna mashi ba wanda ya ji. Na'urar da aikinta shi ne fallasa kowane buhu tana yaƙi da wannan kai tsaye. Ni kuwa ban tambayi kaina ko sau ɗaya ba mene ne gidan nan yake sayarwa a haƙiƙa, wa ke yanke magana, wa zai rasa wani abu in lissafi ya fito fili. Ya biya kuɗin kwamfutar ne don kada ya kunyata ɗan ƙanwarsa gaban mutane, ya sa aka nemo mata atamfa.

Ba ina cewa kawu ya yi daidai a kome ba. Suturar da ta riƙe manoma ita ce ta kori babban yaronsa, domin mutumin da ba ya nuna littafi ba ya iya raba riba, wanda ba ya raba riba kuwa ba ya riƙe yaro mai ƙwazo a zamanin da yaron ke jin farashin Kano a aljihunsa. Tsarin da ya dace da zamanin rashin labari ya zama kaya a zamanin waya. Wani Ba'amurke masanin tarihin kamfanoni, Alfred Chandler, ya nuna tun 1962, bayan ya bi tarihin DuPont da General Motors da waɗansu, cewa kamfani in ya canza inda ya dosa dole ya canza yadda aka raba iko a cikinsa, kuma mafi yawansu ba sa yi sai asara ta matsa. DuPont sai da ta sha asara a 1921 kafin ta raba kanta rassa, kowane reshe da shugabansa da lissafinsa. Shugabannin nan ba jahilai ba ne. Sakin iko ne ke da zafi, ko a Amurka ko a bakin kasuwar Maraɗi.

Ina ganin irin wannan a ofisoshi da yawa da aikin jarida ke kai ni. An kawo kwamfutoci sababbi da kuɗin wani shiri na taimako, an yi bikin buɗewa, an ɗauki hoto. Sakatare ya buga takarda cikin minti biyar, abin da dā ke cin yini. Sa'an nan a fitar da ita a kan farar takarda, a sa cikin kwali, ta hau bene ta jira sa hannun darekta kwana tara domin ya yi tafiya, kuma ba wanda ya isa ya sa hannu a madadinsa. Ma'aikacin da ke ƙasa ya san amsar da za a ba mai neman takardar tun ranar farko. In shekara ta kewayo a ce na'urorin ba su yi amfani ba, a nemi kuɗin sayen waɗansu masu ƙarfi. Ɗan kasuwar da ke jiran takardar, motarsa tsaye da kaya, shi ke biyan kwana taran.

A gidanmu asarar da ta matsa ciwo ce. A 2019 kawu ya kwanta wata uku, makonni biyu na farko ba ya iya magana sosai. Lokacin kaka ne. Yara suka tsaya da kuɗi a hannu ba mai ba su farashi, mutane biyu suka zo suna cewa suna bin gidan kuɗi ba wanda zai iya gaskata su ko ya ƙaryata, waɗanda gidan ke bi kuwa ko ɗaya bai leƙo ba. Kakar shekarar nan ta wuce mu. Da Allah ya ba shi sauƙi, bai ce ma kowa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Sai dai wata ranar Juma'a bayan la'asar ya tara mu, ya ba babban ɗansa hatsi, ya ba wani tsohon yaronsa wake, ya ba na uku sha'anin mota, kowa da jarinsa da aka ƙirga gaban shaidu, kowa da kasonsa cikin riba, kowa ya saya bisa ganinsa in bai wuce iyakar da aka yanka ba. Lissafin duka ukun ya damƙa ma ƴarsa wadda ta karanta aikin akanta, ta riƙa kawo mashi kowace Alhamis da dare.

Na yi zumbur na ce to yanzu kwamfuta ta samu aiki. Aka ɗaga atamfar, wadda tun 2016 aka mai da ita da abin da ke ƙarƙashinta bayan buhuna, aka jona wuta, ba ta ko motsa ba. Ƙura da zafin shekaru tara sun gama da ita. Ƙanwar tawa ta ce in bar wahala, ta nuna mani wayarta, jadawalin duka yana ciki, yara na aiko mata hoton awo daga Dakoro kafin mota ta taso.

Da azumin da ya wuce na je gaishe shi, na tarar tana karanta mashi lissafin mako, yana kishingiɗe yana jan carbi, yana tsayar da ita nan da can da tambayar da ke nuna har yanzu buhunan duka suna kansa. Da ta gama ta tashi, sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya fito da wani ɗan littafi mai baƙin bango, irin na ƴan lakkol, ya rubuta wani abu da ajami, ya mayar. Na ce, "Kawu, wannan fa, ba ya shiga waya?" Ya ce wannan na waɗanda ba za a tambaya ba ne, ya riga ya gaya ma babban ɗansa inda yake da abin da za a yi da shi ranar da aka dawo daga maƙabarta. Sa'an nan ya tambaye ni ko har yanzu jaridar tamu tana biyan albashi kan lokaci.